Ka Ce Netwok Ne Ya Hana Ka?

Malam mai kyamara, ajiye wayar nan mu yi magana. Kai nake nufi, kai da ba a ɗaurin aure a Argungu sai da kai, ba a walimar sauka ba a naɗin sarauta sai an gan ka kana ja da baya kana taka ƙafafun mutane. Har da kai mai shagon kwamfuta a Birnin Kebbi, wanda ɗaliban kwalejin Waziri Umaru da na jami'ar tarayya ta Kalgo suka mayar da laftof ɗinsa ma'ajiyar furojet. Daina waige-waige, babu kowa a bayanka. Tambaya ɗaya ce gare ni: duk abin nan da ka tara shekara da shekaru, in faifan ajiyarka ya ce ga garinku nan yau da dare, ina kwafinsa?

Ka yi shiru. To, na ji amsa.

Ka ce wane irin mugun baki ne wannan, faifan da ko shekara uku bai rufa ba? Ranka ya daɗe, bakina ai ba shi da shiga cikin faifanka, ƙura ce ke da shiga. A cikin ɗan akwatin nan akwai faranti mai juyawa sau 5,400 a minti guda, ga wata 'yar allura tana shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ko gashin kai ba zai wuce ba. Wannan abu kake cusawa a jaka, ka rataya a wuya, ka hau babur ka bi ramukan hanya da shi. Ya sha hazon hunturu, ya sha zafin Afrilu da ke haura digiri 40, a ɗauke wuta yana tsakar rubutu, a dawo da ita da ƙarfi. Rantse ba ka taɓa jin yana wani ƙas, ƙas, ƙas ba. Ka ji. Ka ɗan bubbuge shi da yatsa, ka hura masa iska, ka kai shi gaban fanka, ya yi shiru, ka ce ya warke. Bai warke ba, wasiyya yake bari.

Ka ce Allah ke tsarewa? Wallahi gaskiyarka. Shi ya sa na ga kwaɗo biyu a ƙofar shagonka, ga kuma maigadin layi da kuke biya duk wata.

Kuma abin da ke cikin faifan nan ba irin wanda ake komawa kasuwa a sayo ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu da ake yi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, kai shaida ne ya yi hutun kusan shekara goma kafin a dawo da shi a Maris ɗin 2020. Kana bakin Matan Fada aka ba da alama, dubban masunta suka kwaso a guje da goruna da koma, ƙura ta tashi, ruwa ya koma laka, ka samu daidai lokacin da wani ya rungumo giwan ruwa ya fito yana haki. In wannan hoton ya tafi, je ka wurin Sarkin Ruwa ka roƙe shi ya sake tara maka jama'a don faifanka ya mutu. Ina nan ina jiran labarin yadda kuka ƙare. Amarya ma haka: ba za ta sake zaman lalle don kai ba, uwarta ce za ta zo shago, kuma ka san ba ciniki zai kawo ta ba.

Yauwa, ga ka ka iso inda nake dakonka. Ka ce kai ma ka san haka, netwok ne ya hana ka. Har ka gwada.

Bari in faɗa maka yadda ka gwada, ka gyara mini in na yi kuskure. Wani dare ka yi zuciya, ka sayi data, ka jingine waya a taga inda ta fi kama sabis, ka jona laftof da ita. Ka tattara duk abin da ke faifan, na aure da na suna da na gangamin siyasa, ka ja su gaba ɗaya ka jefa a shafin ajiya. Ka ga ɗan layin nan ya motsa, ka yi hamdala, ka kwanta. Da asuba ka leƙa tun kafin alwala, ka tarar da jan rubutu yana cewa aiki ya tsaya, a sake daga farko. Data ta ƙare, batir ya ƙare, haƙuri ya ƙare. Tun daga ranar duk wanda ya yi maka zancen kwafin ajiya sai ka ce wannan na mutanen Legas ne.

Ba zan yi maka gardama a kan netwok ba, ni ma ba a Dubai nake kwana ba. Amma zo mu yi lissafi. Ka ce ina ruwanka da lissahi? Kai da ke cajin mutane kuɗin bidiyo har da na man janareta? Zauna.

A ce kana da gigabait 500. A ce layinka yana ɗora megabit 2 a sakan guda, kuma na yi maka kara. Kula, megabit na ce. Kamfanonin waya da bit suke auna gudu, kwamfutarka kuma da bait take auna fayil, bit 8 ne ke yin bait ɗaya. Gigabait 500 ya zama megabit miliyan 4. Raba biyu, sakan miliyan 2. Kwana 23 ke nan, dare da rana, ba ɗauke wuta, ba hadari, ba kiran da zai shigo wayar ya katse. In kuma awa shida kaɗai kake samu cikin dare, lokacin da gari ya yi barci data ta yi arha, gigabait 5 da 'yan kai za ka riƙa turawa, aikin ya kai ka wata uku. Wannan kake son gamawa tsakanin isha da asuba. Netwok yana da laifinsa, amma a wannan shari'ar ku biyu za a ɗaure.

Ka ce ƙarya ne, ai sabis ɗinka a cike yake, sanduna huɗu cif, kuma jiya ka sauke fim cikin minti goma? Sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakaninka da ƙarfen sabis kawai suke nunawa. Ba sa faɗa maka mutum nawa kuke rabon ƙarfen, ba sa faɗa maka ko masu aikin titi sun tsinke wayar da ke ciyar da shi. Shi ya sa ranar biki, gari cike da baƙi, sanduna huɗu, saƙo ɗaya ya ƙi fita. Saukewa kuma daban, ɗorawa daban. An tsara layukan waya ne a kan cewa yawancin mutane masu kallo ne, aka faɗaɗa hanyar saukowa, aka bar ta hawa 'yar siririya. Manhajar auna gudu lamba biyu take bayarwa. Kai ta farko kake ɗauka a hoto kana tura wa abokai. Ta biyun ita ce taka.

Sai ka ce to ai ka yi dabara, ka matse komai cikin ƙunshi guda na zip don ya rage nauyi. Sannu, injiniya. Bidiyo da hoton kyamara a matse suke fitowa tun daga na'ura, ba wani abin kirki da zip zai rage musu. Abin da ka yi shi ne ka ɗaure kayanka duka cikin dami ɗaya, wanda in ya faɗi a kashi 97 cikin ɗari to duka ya faɗi. Je ka fadama lokacin da ruwa ya cika, ka kalli yadda ake tsallako da shinkafa. Babu manomin da ke loda amfanin gonarsa kaf a kwalekwale ɗaya. Buhu kaɗan kaɗan ake ɗauka, a sauke a wancan gaɓa, a dawo. In iska ta taso a ɗaure jirgi a jira, abin da ya tsallaka ya tsallaka, ba a komo da shi don a sake farawa. Kakanka da bai taɓa ganin kwamfuta ba ya san wannan, kai mai laftof biyu ka manta.

Kuma tuni aka ƙera kayan aikin da ke yin haka. A 1996 wasu mutum biyu a Ostareliya, Andrew Tridgell da Paul Mackerras, suka fitar da manhajar rsync, a zamanin da layin intanet ya fi naka na yau rarrafe. Aikinta shi ne ta dubi abin da ke nan, ta dubi abin da ke can, ta tsallake wanda ya riga ya isa, fayil ɗin da aka ɗan taɓa kuma ta tura gurbin da ya canza kawai. Kyauta ce har gobe. Sai dai tana da wani hali: in layi ya tsinke tana tsakar tura babban fayil, sai ta zubar da guntun da ya isa, sai fa in ka gaya mata --partial. Gaya mata. Ka kuma sa ta cikin ɗan umarnin da zai sake tayar da ita duk lokacin da ta faɗi, kai kana can kana munshari. In ta nesa kake shiga sabar, wato kwamfutar da ke can, kana ba ta umarni, buɗe tmux ko screen tukuna, ka tayar da aikin a ciki. In ba haka ba, da zarar layinka ya yanke, sabar za ta ɗauka ka tafi gida, ta kashe aikin. Da rana kuma ka sa mata takunkumi da --bwlimit, don in ka bar ta ta cinye hanyar ɗorawa duka, yaron da ya zo cike fom ɗin JAMB zai kwana a shagonka, kuma kai za ka ba shi tuwo.

Akwai wani umarni, --delete, mai goge duk abin da ke can wanda babu shi a nan. Mutumin da ya juya adireshi, ya sa wofin faifai a gurbin tushe, zai kalli shekarunsa suna ɓacewa layi bayan layi, kuma abin haushin, wannan aikin kam netwok ba ya jinkirta shi. Fara da -n, ta nuna maka abin da za ta yi ba tare da ta yi ba. Karanta. Ka sake karantawa.

Ka ce kai fa duk wannan baƙin allo da farin rubutu ba ka gane shi, kai linzami ka sani? Ba laifi. To aƙalla daina jefa kaya ta burawuza. Sa manhajar kamfanin ajiyar a kwamfutarka, ita takan tsaya in layi ya tafi, ta ci gaba in ya dawo. Babban fayil kuma 7-Zip yana iya yanka maka shi gunduwa-gunduwa, gigabait ɗaya ɗaya, in guda ta faɗi ita kaɗai za a maimaita.

Sannan wa ya ce dole sai an fara da mafi nauyi? Kai mai shagon kwamfuta, kunyarka ma ta fi yawa. Furojet 1,000, kowanne megabait 2, gigabait 2 ke nan. A kan wannan layin da kake zagi, awa biyu da kwata. Takardun shago, littafin bashi, hotunan fasfo, duk ba su kai bidiyon kamun amarya guda ba. Ka ƙi tura su shekara da shekaru wai kana jiran ranar da netwok zai gyaru ka tura komai. Kai kuma mai kyamara, tacaccen bidiyon da ka miƙa wa masu biki shi ne gaba, ɗanyen da ba a yanka ba ya bi layi. Kuma tsakani da Allah, kwafi uku na waƙoƙin da ka sauke, da finafinan Indiya masu fassara, su ma sai sun je? Bar su. In sun ɓata, mai tura waƙa yana nan bakin tasha.

Yanzu ka gyara zama, ga wadda za ta ba ka haushi. A watan Satumba na 2009 wani kamfani a Afirka ta Kudu ya gaji da layinsa, ya ɗaura wa wata tantabara mai suna Winston memori mai gigabait 4 a ƙafa, ya sake ta daga garin Howick zuwa ofishinsa kusa da Durban, tafiyar kusan kilomita 80. A daidai lokacin aka fara tura bayanan ta intanet. Cikin awa biyu da 'yan mintoci tantabara ta isa, har an kwafe abin da ta kawo. Layin kuwa kashi 4 cikin ɗari ya tura. Ka ce tatsuniya? Nemi labarin, in netwok ya bar ka.

Kai ba sai ka yi kiwon tantabaru ba, kana da tasha. Argungu zuwa Birnin Kebbi tafiyar awa guda ce ko ƙasa da haka. Faifai mai gigabait 500 a aljihun rigarka, cikin motar haya, a matse tsakanin buhun albasa da wata Hajiya mai kwando, ya isa cikin awa ɗaya. In ka auna da ma'aunin kamfanonin waya, gudun ya haura megabit 1,000 a sakan. Tsohuwar motar nan da ake turawa kafin ta tashi ta ninka layinka fiye da sau 500. Ka ce wannan ƙauyanci ne, zamani ya wuce nan? To kamfanin Amazon ƙauye yake. A 2015 ya fito da Snowball, akwatin ajiya da yake aika wa manyan kwastomomi su cika su mayar masa ta hanyar masu jigilar kaya, a 2016 har tirela guda ya fito da ita don wannan aiki. Su da ke da layukan da ba ka taɓa mafarki ba sun san lodin farko a kan taya ya fi sauri. Kai ne kake jin kunyar mota.

Lodin farko shi ne dodon. Kwafe komai a faifai na biyu, ka kai shi inda layi ke da ƙarfi, wurin wani mai wayar fayiba ko farantin tauraron ɗan Adam a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ka biya shi, a ɗora daga can. Da ya hau, abin da ya rage maka daga gida shi ne sabon da ka ƙara, wanda darenka na awa shida zai iya ɗauka. Aljihunka ma zai gode maka, tunda a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kuma duk turawar da ta faɗi aka sake, sau biyu ka biya. Amma kafin faifan ya bar hannunka, kulle shi da kalmar sirri, da BitLocker ko VeraCrypt. Cikinsa akwai matan mutane ba lulluɓi a wurin biki, akwai katin NIN na rabin unguwa. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, amma kafin doka ta iso gare ka mijin wata zai iso.

Ka ce kai Starlink za ka saya ka huta da surutuna? Allah Ya hore. Tun Janairun 2023 yake aiki a Najeriya, kuma zai rage maka kwanakin nan ƙwarai. Sai dai shi ma ɗorawarsa ba ta kai saukewarsa ba, yana son wuta, in aka yi ruwa mai ƙarfi yakan ɗan yi sanyi. Manhajar da ke ci gaba daga inda ta tsaya tana nan dai cikin kayan da kake buƙata. Kuma tun bara kake cewa za ka saya.

Ka ce ai duk ka tura wa ƙanenka ta WhatsApp, yana da kwafi? WhatsApp yakan matse hoto da bidiyo in ba a matsayin fayil ka tura ba, kwalliyar amarya ta koma dishi-dishi. Ƙanen naka kuma ya sayar da wayar tun da ƙaramar salla. Ka ce to akwai Google? Gigabait 15 yake ba ka kyauta, kuma da shi imel ɗinka da hotunanka suke rabo. Ka ce foldarka tana daidaita kanta da ta can kullum? Awo, haka na. Shi ya sa ranar da yaron shago ya goge folda a nan, ita ma ta can za ta yi biyayya ta goge, ta zauna kwana 30 a kwandon shara, in ba ka lura ba ta wuce. Nemi tsarin da ke riƙe tsofaffin kwafi, ta yadda kuskuren yau ba zai cinye na makon jiya ba.

Na san inda za ka ɓullo yanzu. Ka ce to shi ke nan, da zarar ya hau can sai ka goge na nan ka samu fili. Innalillahi! Wa ya aike ka? Can ɗin da kake magana gini ne da kwamfutoci a ciki, a ƙasar wasu, kuma gini yana cin wuta. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiya na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu kwastomomi suka rasa kayansu har abada, don kwafin nasu ma a harabar yake. Ko ginin yana lafiya, hanyar zuwa gare shi tana iya yankewa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, mutane suka yi ta jijjiga waya a banza. In ranar ce mai biki ya zo karɓar bidiyonsa, sai ka ce masa yana teku?

Wani mai ɗaukar hoto irinka, Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wuri daban fa, ba durowar ƙasan teburin da laftof yake kai ba. Ɓarawon da ya ɗauki wannan ba zai bar maka wancan don tausayi ba. Kuma wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ruwa ya shanye gonakin shinkafa ya rusa gidaje a jihar nan, ba sai an ce masa ya ɗora faifai a saman kabad ba.

Saura abu ɗaya, kuma a nan ne har gwanaye suke faɗuwa. Layi ya cika, an rubuta maka an gama da koren rubutu, ka yi murna ka sayi tsire. Ka buɗe? Kwafin da ba a taɓa saukowa da shi an gwada ba, zato ne kawai. Layin da ke tsinkewa yana iya barin rabin fayil mai cikakken suna. Ɗauko guda uku ko huɗu daga can, ba zaɓe, ka buɗe su a wata kwamfutar, ka ja bidiyon har ƙarshe ka ga ango ya shiga mota. In kana da hali ka sa manhaja ta gwada lambar tantancewar kowane fayil, ta nan da ta can. Kalmar sirrin kuma rubuta ta a takarda ka ba wanda ka yarda da shi, don na san ka, lambar katin bankinka ma sai ka kira uwargida.

Ka ce za ka fara bayan salla? Wace sallar, wadda ta wuce ko wadda ka ce bara? Daren yau, Malam, foldar takardu kaɗai, awa biyu ce. Ranar kasuwa ka sayi faifai na biyu, kuma don Allah kada ka cika shi da finafinai.